Transfoma ko inbata: amsa ga mai shirin buɗe shagon walda

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanena da ya tambaya wane injin walda zai saya, transfoma ko inbata, don shagon ƙofofi da tagogi da hasumiyar tankin ruwa, sayi inbata. Duka biyun ina da su a shago, kuma na san wanda hannuna ke kaiwa gare shi da safe.

Inbatar tawa mai amfiya 200 ce, ta wuta layi ɗaya. Abin da ya sa ta shiga raina wani aikin hasumiyar tanki ne da muka yi a wani ƙauye da ko turken wuta babu. Janareta muka tafi da shi. Aikin yana sama, iska na kaɗawa, ga masu gida sun taru a ƙasa suna jiran ruwa ya hau. Na rataya ta a kafaɗa da igiyarta na hau, na ɗaure ta a jikin ƙarfe kusa da ni, kebul ɗin holda, wato mariƙin sandar walda, gajere, wutar tana zuwa da ƙarfinta ba ta zube a hanya ba. Ilektirod, wato sandar walda, geji 10 na sa, ina taɓa ƙarfe ya kama, babu manne-manne, babu tartsatsin banza. Kafin la'asar aka ɗora tanki. Dattijon da ya ba mu aikin ya tsaya yana kallon injin, ya kasa yarda cewa wannan ɗan akwatin ne ya haɗa ƙarafan nan. Har yau ita nake ɗauka duk aikin waje, kuma ba ta taɓa ba ni kunya a gaban mai aiki ba.

Dalilin rashin nauyinta ba wani sihiri ba ne. Wutar da ke zuwa mana bolt 230 ce, tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ita ake kira AC. Transfoma a haka take karɓarta ta sauke ta, shi ya sa sai an yi mata tulin ƙarfe da naɗin waya mai kauri. Inbata kuwa tana fara miƙar da wutar, sai ta sassare ta sau dubbai a daƙiƙa, ta ratsa wata 'yar ƙaramar transfoma, sannan ta sake miƙar da ita ta fito DC. Wutar DC ta fi kwanciya a bakin ilektirod, ɗinkin ya fi laushi, kuma za ka iya saita amfiya daidai yadda kake so da ɗan maɓallin juyawa. Wannan saitin shi ne rabin aikin mai ƙofa, don faranti da bututun da ake yin ƙofofin yanzu ba su da kauri. Geji 12, wato milimita 2.5, yana son amfiya 60 zuwa 90. Geji 10, milimita 3.2, wajen 90 zuwa 130. Geji 8, milimita 4, daga 140 zuwa 180. In injinka ba ya sauka ƙasa da kyau, huda farantin mutane za ka yi ta yi kana cikewa. Sannan ranar da aka kawo maka aikin da ke buƙatar ilektirod 7018, irin na ƙarfe mai ɗaukar nauyi, inbata za ta ci shi lafiya, alhali ƙananan transfomomi da yawa ko kunna shi ba sa iyawa sai 6013 kawai.

Transfoma kuma, to, ba ta mutuwa da wuri, ƙura ba ta dame ta ba, in ta ƙone mai naɗi zai naɗa maka ita a Panteka ko Ƙofar Ruwa. Iyakar yabon da zan yi mata ke nan. Kana ɗora ilektirod fitilun maƙwabta su dushe, in wuta ta yi ƙasa sai mannewa, janareta kuwa har kukansa ke canjawa. Tawa tana lungu, sai in inbata na hannun yara a wajen aiki nake waiwayarta.

Wadda ma nake roƙonka ka nisanta ita ce irin ta naɗin gida da ake barin ta tsirara a kan katako, wadda ake ƙara wuta ta hanyar cire waya daga wannan kunne a maƙala a wancan. Masu naɗin akwai gwanaye a cikinsu, ban raina sana'arsu ba. Amma injin ba shi da murfi, ba shi da abin da zai kashe shi in ya yi zafi, kuma ranar da rufin wayar ciki ya narke, wutar layi gaba ɗaya tana iya biyowa ta holda zuwa hannun yaron da ke riƙe da ita. Shagon da yara masu koyo za su cika, bai kamata a ajiye wannan a ciki ba.

Yanzu maganar da ba ka tambaya ba, amma ita ce ta fi cin kuɗin mutane: 'yan kasuwa marasa tsoron Allah. Za a nuna maka injin da yaro zai ɗaga da yatsa biyu, an rubuta masa 400 a jiki da manyan lambobi, ga ɗan fulogin gida mai amfiya 13 a wutsiyarsa. Yi lissafin da kanka. Walda da amfiya 400 tana tafiya da kusan bolt 36, wato sama da kilowat 14. Fulogin amfiya 13 a kan bolt 230 kilowat 3 kawai yake iya ɗauka. Daga ina sauran za su fito? Lambar da ke haskawa a fuskar injin ma ba shaida ba ce, ana saita ta ta nuna abin da aka ga dama. Juya injin ka nemi farantin bayani a baya ko a ƙasa. A nan za ka ga jadawali mai kashi cikin ɗari, kamar 60% da 100%, kowanne da amfiyarsa a ƙarƙashi. Ana auna wannan a kan minti 10 ne: in an ce 60% a amfiya 160, ma'anarsa minti 6 kana walda, minti 4 injin na hutawa. Kamfanonin kirki a zafin digiri 40 suke aunawa, wanda shi ne zafin da muke aiki a cikinsa a watan Afrilu. Injin da babu wannan farantin, ko aka rubuta 100% a amfiyarsa mafi girma alhali ba shi da nauyin komai, ajiye musu kayansu.

Kada ka biya sai an gwada a gabanka. Tafi da ilektirod geji 8 naka da guntun ƙarfe mai kauri, in da hali ka tafi da mai gyaran lantarki da mitarsa ta maƙalawa a waya, ya auna abin da ke fita da gaske. A ƙona ilektirod uku ko huɗu a jere ba tsayawa. Injin ƙarya a na biyu zai kunna fitilar zafi ko wutarsa ta yi sanyi. Ka kuma kankare bakin kebul ɗin da aka haɗo da shi da wuƙa. In ka ga fari a ƙarƙashin ja, alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe, zai yi ta zafi yana cinye maka wuta. Sayi kebul na jan ƙarfe zalla, mai kaurin skwaya milimita 25 ko 35, ko da daban za ka biya. Suna a jikin inji kuma sitika ce kawai, ana buga ESAB ko Lincoln ko Jasic a manna wa abin da kamfanin bai taɓa gani ba, akwai kuma tsofaffin da ake fesa wa fenti a mayar cikin kwali. Nemi rasit mai lambar injin da alkawarin gyara a rubuce, ka tambaya ko ana samun fanel ɗinsa, wato allon kayan lantarkin da ke cikinsa, a gari. Araha ba ta ado.

In ka kawo ta shago, kada a soka ta a soket ɗin da ake cajin waya. Mai lantarki ya ja mata layinta daban tun daga allo, da birekarta ita kaɗai. Farantin bayanin nan yana faɗin amfiyar da take ja, da shi za a zaɓi bireka da kaurin waya. Mai 200 ta gaske galibi bireka mai amfiya 32 ce da waya mai skwaya milimita 4 ko 6. A kafa rodin ƙasa na gaske a haɗa shi da jikin injin ta waya ta uku. Mutane da yawa suna ɗauka maƙalin da muke kamawa a jikin ƙarfen aiki shi ne kariyar, alhali shi hanyar komawar wutar walda ce kawai, ba ya kare kowa daga jan wuta. Shi ma ka kama shi kusa da inda kake walda, a wurin da ka goge tsatsa da fenti. Wannan al'adar ta jera guntayen rodi a ƙasa daga inji zuwa aiki a maimakon kebul, a daina ta. Kowace mahaɗa tana zafi tana tartsatsi, kuma wutar tana neman wata hanyar, ta bi ta sarƙa ko bututu ko wayar giranda ta ƙona. In mota ce aka kawo, cire kan batir, ka kama maƙalin dab da wurin aikin don kada wuta ta ratsa ta boris ko kwamfutar motar.

Janareta shi ne babban mai kashe inbata. Nemi mai AVR, wato na'urar da ke daidaita wutar da yake bayarwa, kuma kada ya gaza kVA 7 zuwa 8 in kana son cin geji 10 hankali kwance. Ka fara tayar da janaretan, ya daidaita, sannan ka kunna inji. In za ka tashi, kashe inji tukuna. Kada ka bari mai ya ƙare kana tsakiyar walda, wannan hawa da saukar da yake yi kafin ya mutu shi ke fasa kayan cikin fanel.

Raunin inbata na gaskiya ƙura ce, kuma ba ƙurar hunturu kaɗai ba. Garin ƙarfen da giranda ke fesawa ya fi illa, domin fanka tana zuƙe shi ciki, ya kwanta a kan fanel, shi kuma yana ɗaukar wuta. Ɗora injin a kan benci, ba a ƙasa ba, ka bar masa sarari daga bango, ka koya wa yara su juya bakin giranda nesa da shi. Lokaci zuwa lokaci, musamman da hunturu, zare fulogi, jira mintuna masu ɗan yawa saboda kafasitocin ciki suna riƙe wuta mai kisa ko bayan an kashe, sannan a buɗe a hure da busasshiyar iska marar ƙarfi sosai. In fitilar zafi ta kama kana aiki, kada ka kashe injin, bar fanka ta yi ta juyawa har fitilar ta mutu da kanta. Bakin kebul da ake murɗawa a jikin inji, ka riƙa duba shi kullum, in ya yi sako-sako zai narke wurin. Da damina kuma kada ruwa ko feshi ya same ta.

Jikinka fa. Ko ba ka walda, muddin injin na kunne akwai bolt 50 zuwa 80 tsakanin holda da ƙarfen aiki. Da busasshen hannu ƙila ɗan tsiko za ka ji, amma ga wanda gumi ya jiƙe, yana tsaye da silifas a kan ƙasa mai laima ko yana zaune a kan ƙarfen da yake haɗawa, wannan ya isa ya tsayar da zuciya, kuma AC ɗin transfoma ta fi DC haɗari a nan. In ka samu inbata mai VRD, wadda ke sauke wannan wutar idan ba a walda, ƙara kuɗi ka ɗauke ta, musamman tunda aikin hasumiya za ka yi, inda ɗan jan wuta kaɗan ya isa ya faɗo da mutum. Safar hannu ta fata, takalmi rufaffe, kuma kada a saƙale holda a hammata ana gyara ƙarfe.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ganin yara suna walda da baƙin gilashin kwalliya, ko suna runtse ido. Hasken walda yana ƙona saman ƙwayar ido, ba ka ji a lokacin, sai cikin dare ka farka kamar an zuba maka yashi a ciki. Sayi garkuwar fuska mai gilashi lamba 10 zuwa 12, guda biyu, don mai riƙe maka ƙarfe shi ma ido gare shi. In abin ya faru kada a ɗiga madara ko wani haɗi, a je wurin likitan ido. Hayaƙin ma ba abin wasa ba ne, tun 2017 hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa hayaƙin walda cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo daji. Bututun galbanaiz da za ka yi ta amfani da shi a aikin tanki yana fitar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi da ciwon jiki da dare, don haka goge shafen da ke jikin bututun a wurin da za ka ɗinka, ka yi aikin a fili, kanka ba a saman hayaƙin ba. Duro ko tankin da ya taɓa ɗaukar fetur kuwa, ko an rantse maka an wanke, kada ka kusance shi da wuta. Tururin da ya rage a ciki shi ke fashewa.

In nan gaba aikinka ya kai ga bodin tirela da ƙarafan gini masu kauri daga safe har yamma, lokacin sai ka nemi mai 400 ta gaske, ta wuta layi uku. Yanzu dai mai 200 mai farantin bayani na gaskiya, kebul na jan ƙarfe, garkuwa biyu. Kafin ka biya, ɗauki hoton farantin injin da na janaretanka ka turo nan mu duba maka ko za su zauna tare. Allah ya sa albarka a shagon.