PIP2 da kolestarol: yadda kowanne ke juya ƙofofin kalsiyam a ƙwayoyin insulin

'Yar'uwa, kin tambaya cewa tunda PIP2 da kolestarol duk maiƙo ne a tantanin da ya lulluɓe ƙwayar beta ta fankiriyas, wadda ke samar da insulin, mene ne bambancin aikinsu a kan ƙofofin kalsiyam. Bambancin babba ne.

Idan sukari ya shiga ƙwayar beta, ATP, sinadarin da ke ɗauke da makamashin ƙwayar, ya ƙaru, sai ƙofofin fotasiyam na KATP su rufe. Cajin tantanin, wanda ke zaune kusan -70 mV (milibolt), ya tashi, ƙofofin kalsiyam irin su CaV1.2 da CaV1.3 su buɗe, kalsiyam ya kwararo ciki, 'yan jakunkunan insulin su manne da tantani su zazzage kayansu cikin jini.

PIP2 ɗan kaɗan ne, kusan kashi 1 cikin 100 na fosfolifid (babban nau'in maiƙo) ɗin tantanin, kuma a fuskar ciki yake. Jikin ƙofar kalsiyam yake kamawa kai tsaye, ya taimaka mata ta buɗe. Aikinsa na daƙiƙoƙi ne: a rage shi, shigar kalsiyam ta ragu nan take, ya dawo, ta dawo. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne takobi ne mai kaifi biyu. Tun 1998 aka nuna cewa yana rage wa KATP jin ATP, wato yana riƙe ta a buɗe, kuma hakan na jinkirta fitar insulin. Sannan idan asetilkolin, sinadarin saƙon jijiyoyi, ya taɓa makarɓinsa na M3, sinadarin PLC yana tsaga PIP2 zuwa IP3 da DAG, IP3 kuma ya saki kalsiyam da ke ajiye a cikin ƙwayar.

Kolestarol kuwa yana da yawa, kusan sulusin maiƙon tantanin. Shi mazaunin ƙofar yake tsarawa. Yana haɗa 'yan wurare masu tauri inda CaV1.2 ke taruwa kusa da syntaxin 1A da SNAP-25, furotin masu ɗaure jakar insulin. Kusancin nan ba ƙaramin abu ba ne, domin kalsiyam a bakin ƙofa yake da ƙarfi. Idan jakar ta yi nisa, ko ƙofa ta buɗe insulin ba zai fita da kyau ba. Yawansa illa ne, ƙarancinsa ma haka. A 2007, ɓerayen da aka cire wa ABCA1, mai fitar da kolestarol daga ƙwayar beta, sun tara shi, fitar insulin ɗinsu ta raunana.

A ganina, wajen ciwon suga nau'i na 2 kolestarol ya fi cancantar a sa masa ido, saboda sauyinsa a hankali yake zuwa kuma yana daɗewa. Wani nazari a mujallar Lancet a 2010 ya gano magungunan statin, masu rage kolestarol, na ƙara haɗarin ciwon suga da kusan kashi 9 cikin 100, amma kariyar da suke ba zuciya ta rinjayi wannan nesa ba kusa ba. Don Allah kada kowa ya ajiye maganinsa sai ya ga likita.