Mas ɗin Safe ko Rosari a Gida?

Katolikan da ke zaune a Harobanda, ƙetaren kogi, idan yana son Mas ɗin safe, wato babbar sujadar Katolika, a babbar majami'ar Yamai, sai ya tashi da asuba, ya biya kuɗin taksi, ya tsallaka gadar Kennedy. Wahala ce, amma can ne zai ji karatun ranar, ya karɓi Jibi Mai Tsarki, wato gurasar da aka tsarkake, daga hannun fada, limamin Katolika. Wannan babu shi a gida, kuma a ganina babu abin da zai maye gurbinsa.

Rosari kuwa, wato carbin addu'a na Katolika, yana shiga aljihu. Mai sayar da ƙosai za ta iya jan goma ɗaya, wato addu'ar "A gaishe ki Maryamu" sau goma, kafin mai ya yi zafi. Asiransa, wato abubuwan rayuwar Yesu da Maryamu da ake bimbini a kansu, 20 ne tun 2002, lokacin da Paparoma Yohanna Bulus na biyu ya ƙara asiran haske guda 5. Matsalarsa ɗaya: baki na faɗin "A gaishe ki Maryamu", zuciya tana kasuwa. Ni ma nakan faɗa wannan tarkon, shi ya sa nake jan nawa da yara bayan tuwon dare, kowa da gomansa, ranar Juma'a kuma in tashi da asuba in tsallaka gada.