Fizibil na taransifo: wanne za ka saya, kuma na amper nawa?

Mai injin niƙa, mai matsar man gyaɗa ko mai ƙanƙara a Maraɗi da ya kafa taransifo na kansa, fizibil (abin da ke narkewa ya yanke wuta idan ta yi yawa) iri biyu yake buƙata, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne. Na gefen babban layi yana jiran ranar da wayoyi suka haɗu ko taransifon ya ƙone daga ciki. Na gefen volt 400 shi ke hana a ɗora masa kayan da suka fi ƙarfinsa. Wanda ya ɗauka ɗaya zai yi aikin ɗayan, shi ne ke sayen sabon taransifo.

A fara da lissafi. Ɗauki taransifo mai kVA 160 a kan layin NIGELEC, kamfanin lantarki na Nijar, mai kV 20. Raba 160 da 1.73 sau 20 (1.73 ɗin saboda wutar mai layi uku ce), za ka samu amper 4.6. A gefen volt 400 kuwa amper 231 ne.

Kada ka ce tunda 4.6 ne sai a sa fizibil na amper 5 ko 6.3. Duk sanda aka mayar da wuta, taransifo kan ja kusan ninki 12 na abin da ya saba na kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, a nan kamar amper 55. Ƙaramin fizibil ba zai tsinke ranar farko ba, amma kowace dawowar wuta tana cin zarensa, kuma mun san yadda wuta ke zuwa tana tafiya a garin nan. Wata rana sai ɗaya ya yanke babu dalili, motocin lantarki na injina su ci gaba da juyawa a kan layi biyu har su ƙone. Shi ya sa jadawalin masu ƙerawa ke ba wannan taransifon amper 10 ko 16, gwargwadon samfuri. Babba fiye da kima ma haɗari ne. Idan allon taransifo ya nuna Ucc 4% (alƙalamin da ke nuna yawan wutar da zai ja idan wayoyi suka haɗu), haɗuwar wayoyi a gefen volt 400 za ta ja ninki 25 kacal, kimanin amper 115 a babban layi. Dole fizibil ya iya yanke wannan da sauri, wato mafi ƙarancin abin da yake iya katsewa ya kasance ƙasa da 115. Idan ba haka ba, zai yi ta zafi a cikin akwati har ya fashe.

Ga tarkon da ya fi kama mutanen Maraɗi. Kaya da yawa ta Katsina da Jibiya suke shigowa, a can kuma layukan gari na kV 11 ne, fizibil ɗinsu na kV 12. Layin kV 20 yana buƙatar mai kV 24. Karanta rubutun jikin tangaran ɗin, sannan ka auna: a ƙirar DIN (ma'aunin Jamus), na kV 12 tsawonsa milimita 292 ne, na kV 24 kuma 442. Nemi wanda aka rubuta IEC 60282-1, ma'aunin duniya na fizibil ɗin babban layi, a jikinsa, kuma idan makunninka na buɗewa da kansa ne, sayi mai ɗan ƙarfen nan da ke fitowa a kai ya tura makunnin ya buɗe layukan uku tare. In ɗaya ya tsinke, a canza duka ukun, domin sauran biyun sun riga sun sha wuya.

A gefen volt 400 ne zaɓin yake da daɗin magana. Na gG, wato na amfanin gama-gari, mai bakin wuƙa shi ya fi samuwa, kuma hannu kan tafi ga amper 250 saboda shi ne na sama da 231. Sai dai gG na wannan girma yana ɗaukar ninki 1.25 har awa 3 bai narke ba, wato amper 312, ba a kuma tabbatar da narkewarsa sai a ninki 1.6. A zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ake haura digiri 40, mai na taransifo ba zai jure wannan kullum ba. Gara a sauko zuwa 200 ko 224. Wanda ya fi dacewa shi ne gTr, wanda ake rubuta masa kVA maimakon amper: yana barin ninki 1.3 na awa 10, ya yanke ninki 1.5 cikin awa 2. Yana da wuyar samu, amma ya cancanci a yi odarsa. Na aM don motocin lantarki aka yi shi, ba ya kare yawan lodi, a bar shi. Mai halin sayen disjonktar (makunni mai yanke wuta da kansa) da ake saitawa, ya fi kowane fizibil a wannan gefen.

Alƙaluman 125% da 250% na amper ɗin taransifo da ake gani a intanet don zaɓen fizibil daga dokar lantarki ta Amurka suke, sashe na 450.3, kuma iyaka ce ta sama. A nan jadawalin mai ƙerawa da amincewar NIGELEC ake bi.

Wayar tagulla da ake ɗaurawa a gurbin fizibil ba ta da yashin da ke kashe tartsatsi, ba wanda ya san a amper nawa za ta narke. Sayi saiti uku na ajiya tun ranar kafa taransifo, a ajiye su inda ba danshi, kuma canjin na babban layi aikin ƙwararre ne bayan an kashe layi an haɗa shi da ƙasa.