Daga Indiyana zuwa Sakkwato: yadda ake sayar da kallo a makarantar nan

Allah shi gafarta Malam,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyali da ɗalibai baki ɗaya. Kun ce in ba ku labarin yadda makarantun ƙasar nan ta Amurka ke gudanar da wasan kwaikwayo da kiɗa da rawa, tunda Makon Hausa ya matso kuma ragamar shirin tana hannunku. Na ga ya fi kyau in rubuta shi a fili, domin 'yan Ƙungiyar Hausa su ma su karanta, kowa ya tsinci abin da zai amfane shi.

Garin da nake, Bloomington, ƙaramin gari ne a kudu da Indiyanafolis, babban birnin jihar Indiyana, mutanensa wajen 80,000. Jami'ar Indiyana, wadda aka kafa a 1820, ita ce ran garin, don ɗalibanta sun haura 40,000. A cikinta akwai makarantar koyon kiɗa da waƙa mai suna Jacobs, mai ɗalibai wajen 1,600, wadda ke gabatar da wasanni sama da 1,000 a shekara. Sashen wasan kwaikwayo da rawa kuwa nasa daban ne, da ɗakunan kallonsa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina ba girman gini ba ne, kalanda ce. Tun kafin a buɗe makaranta a watan Agusta an riga an fitar da jerin wasannin kakar gaba ɗaya, har zuwa Afrilu: wasa kaza ranar kaza, ƙarfe kaza, a ɗaki kaza. Mutum yana zaune a gida cikin Satumba zai sayi kujerar da zai zauna a kai cikin Fabrairu, da lambar layi da lambar kujera, tikitin ya shigo masa a waya. Tsofaffin garin ma kakar duka suke saya a dunƙule, a yi musu rangwame, kuma za ka tarar da su a kujera ɗaya shekara da shekaru. Idan an rubuta bakwai da rabi, to bakwai da rabi fitilu ke mutuwa. Wanda ya makara, ko shugaban sashe ne, yana tsaye a bakin ƙofa sai an kai gaɓar da masu tsaron ƙofa za su bar shi ya lallaɓa ya shiga.

Malam ya fi ni sanin yadda namu yake. Kati ya ce ƙarfe huɗu. Huɗu ta yi ana jera kujerun roba, biyar ta yi ana jiran babban baƙo. Ya iso, a buɗe da addu'a, shugaban taro ya yi jawabi, uban taro ya yi, uwar taro ta yi, wakilin wane ya karanta saƙon wane. Yaran da suka yi wata guda suna gwaji a bayan aji sai su hau dandali rana ta yi ja, fitowa ta biyu ba ta ƙare ba a kira Magariba. A nan ba a jawabi ko ɗaya. Murya ce kawai take fitowa ta lasifika ta ce a kashe waya, kada a ɗauki hoto, sai labule ya buɗe.

Maganar kuɗi kuwa, akasarin kiɗan ɗalibai kyauta ne, domin wasan da ɗalibi zai yi a gaban jama'a yana cikin sharuɗɗan kammala karatunsa. Manyan wasanni ne ake biya, kuma mai katin ɗalibi ana rage masa. Kujerar can sama da nake saya ba ta kai abin da nake ba wanzami a nan ba, sai dai wannan ya fi nuna tsadar aski a Amurka. Idan an juya kuɗin zuwa naira za ku riƙe baki, amma a nan da awar aiki ake auna kaya. Mafi ƙarancin albashi a wannan jiha dala 7.25 ne a awa, bai motsa ba tun 2009, ko da yake wurare da yawa suna biyan fiye da haka. Inda aljihu ke jin jiki shi ne gefe-gefe: wurin ajiye mota, gorar ruwa a lokacin hutun tsakiya, da harajin kashi 7 cikin 100 da ake ɗorawa a kan yawancin kaya sai ka zo biya. Ni dai da cikina cike nake zuwa.

Babban ɗakin da makarantar kiɗan ke amfani da shi yana ɗaukar mutum 1,460, an buɗe shi a farkon shekarun 1970. Akwai wani da ya fi shi, mai kujeru wajen 3,200, tun na 1941, inda ake kawo mawaƙa da 'yan wasa daga waje. A na farkon ake yin opera, wato wasan kwaikwayon da ake rera shi da waƙa daga farko har ƙarshe, makaɗa kusan cikin ɗakin aji biyu suna zaune a wani rami a gaban dandali, da gogen Turawa manya da ƙanana da kayan busa. Mawaƙan ba su riƙe makirufo. An gina ɗakin ne yadda muryar mutum ɗaya za ta tsallake duk wannan kiɗa ta isa kujerar ƙarshe. Yawanci da Italiyanci ko Jamusanci ko Faransanci ake rerawa, sai a riƙa haska fassarar Turanci a wani allo da ke saman dandali. Wannan dabara ta allo, Malam, ba ta fi ƙarfinmu ba. Majigi ɗaya da kwamfuta sun isa. Da za a rera waƙar Narambaɗa a riƙa haska baitocin, yaran da aka haifa a birni waɗanda Gobiranci ke wuce su za su bi, haka ma ɗaliban kudu da ke karatu a Sakkwato.

Bayan labule kuma wata makaranta ce. Akwai ɗakin kafintoci inda ake ƙera gidaje da bishiyoyin da ake gani a dandali, akwai ɗakin ɗinki, akwai masu koyon fitilu da sauti, kuma duk darasi ne da ake ba maki. Tufafin da aka ɗinka ba a watsar da su, ana rataye su a ma'ajiya da lamba har wata shekara. A nan ne na ga inda muka fi su ba tare da mun sani ba. Aikin hannu a ƙasar nan tsada gare shi ƙwarai. Rage tsawon wando kaɗai, abin da tela ya karɓa a hannuna ya isa ɗinkin kaftani a gida. Mu kuwa ga majema da dukawa, ga jar fatar akuyar Sakkwato da duniya ta sani tun zamanin fatake, ga maɗinka da masu aikin hula, ga masassaƙa da za su yi kotso ko kalangu a ɗaure shi cikin 'yan kwanaki. Abin da ba mu da shi ɗaki ɗaya ne mai makulli, da littafin da za a rubuta abin da aka ajiye. Kowace shekara sai a sake aron rawani da alkyabba daga gidan wani basarake, a mayar da godiya.

Wani abin da ya kamata a faɗa: gurgu yana shiga da kekensa har inda aka ware masa, mai nauyin ji ana ba shi na'urar sawa a kunne kyauta. Doka ce ta tarayya tun 1990, ba alfarma ba.

To, wa ke biyan duk wannan? Kuɗin tikiti ba ya isa. Amsar tana bayan ɗan littafin da ake miƙa wa kowa a ƙofa. Shafukan farko sunayen 'yan wasa ne da na masu fitilu da masu ɗinki, har wanda ke jan labule. Shafukan ƙarshe kuwa sunayen masu bayarwa ne, an jera su hawa-hawa gwargwadon abin da kowa ya bayar. Ita kanta makarantar a 2005 ta koma amsa sunan Jacobs, bayan kyautar dala miliyan 40.6 daga wannan gida. Na ce ashe su ma suna da iyayen gida. Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa Amadu, Jankiɗi yana da Sarkin Musulmi Abubakar na uku, Sa'idu Faru yana da Sarkin Kudu Macciɗo, Ɗanƙwairo ya yi wa Sardauna. Bambancin shi ne namu doki da riga da hatsi ake ba makaɗi a hannunsa, idan ya kwanta dama ko ubangidan ya kwanta, sai yaransa su watse. Nasu kuɗin ana zuba shi ne a asusu, a juya shi, a riƙa cin riba, uwar kuɗin tana nan. Mai bayarwa yana samun suna kamar yadda namu ke samu, sai dai a rubuce a jikin bango, ba a bakin sanƙira ba. Attajiran Sakkwato da ke liƙa dubbai a dare ɗaya ba rowa gare su ba. Ba a taɓa kai musu takarda mai ɗauke da wasanni shida da ranakunsu an ce ga wanda za ka ɗauki nauyi ba.

Kada Malam ya ɗauka komai nasu ya burge ni. Zaman kallon kiɗansu kamar zaman makoki yake. Ba a magana, ba a guɗa, tari ma sai ka danne shi. Tafi yana da ƙa'ida: idan kiɗa mai kashi huɗu ne, ba a tafawa sai an gama na huɗun, wanda ya riga jama'a sai a waiwayo a dube shi. Makaɗi ya yi abin da zai tsuma ka, ba halin ka tashi ka yi masa kari. Komai kuma a rubuce yake a gabansu, abin da aka kaɗa jiya shi za a kaɗa gobe. Ba wanda zai hango wani ya shigo ya saƙa shi cikin waƙa nan take, 'yan amshi su karɓa, yadda Ɗan'anace kan tayar da filin dambe idan Shago ya shigo. Inda na ɗan ji ɗumi shi ne wasannin cibiyar fasahar Baƙaƙen Amurka ta jami'ar, mai ƙungiyar rawa da ta mawaƙa tun shekarun 1970. Can jama'a na amsawa, ana miƙewa tsaye. Kiɗan Afirka da na ci karo da shi kuwa na Gana da Gini da Mali ne. Kotso da taushi ban ji su a dandali ba.

Akwai kuma abin da ba zai shiga garin Shehu ba ko an ɗauke shi kyauta. Rawar balet, da irin suturarta da yadda namiji ke ɗaga mace, na kalla na yaba wahalar horon, amma na san iyakarta. A duk Disamba suna maimaita labarin rawa guda, Nutcracker, wanda Tchaikovsky na Rasha ya yi wa kiɗa aka fara nuna shi a 1892, iyaye su kwaso yara a cika ɗaki. Mu ma muna da abin da yara ke jira shekara-shekara, tashe, daga goma ga azumi. Ba a dai taɓa ba shi rana a kalandar makaranta ba. Lokacin salla ma ba ya cikin lissafinsu. A Satumba rana ba ta faɗuwa a nan sai kusan takwas, Magariba tana riskar mutum a tsakiyar wasa, sai a hutun tsakiya ka nemi lungu ka shimfiɗa rigar sanyi.

Da ni ne ke tsarawa, ba zan cusa komai cikin mako ɗaya ba. Zan baza shi daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kafin zafin Maris ya sauko, a duba inda azumi ya faɗo. Dare ɗaya na waƙoƙin fada, ɗaya na kiɗan maza da na sana'a, ɗaya na wasan kwaikwayon da ɗalibai suka rubuta da kansu. A ware yini guda na waƙoƙin Nana Asma'u da na malaman jihadi, ɗalibai mata su rera su yadda 'Yan Taru, matan da ke bin tsarin karatun da Nana Asma'u ta kafa, ke yi, in ga mai cewa wannan shagala ce. A fara bayan La'asar a kan lokaci, ko bayan Isha'i, jawabi kuma a buga shi a takarda a raba. Misalin gini ma ba sai an zo Amurka ba: ɗakin wasan Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da ƙasa aka gina shi a shekarun 1970, cikin fasalin gidan Bahaushe.

Sai ajiya. Kusan duk abin da aka yi a dandalin nan ana naɗe shi. Jami'ar tana da ma'ajiyar kiɗan gargajiya na duniya mai ɗauke da naɗe-naɗe sama da 100,000, na Afirka da yawa a ciki. A nan ne kuma Farfesa Paul Newman, mai littafin nahawun Hausa na 2000 da ƙamus na 2007, ya koyar. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, kuma yawancin abin da matasa ke ji nasa a waya kwafi ne na kwafin kaset. Don Allah, ko me aka yi bana, a sa ɗalibi ɗaya ya naɗe shi da kyau, a rubuta rana da sunayen masu yi, a kai kwafi Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu.

Manyan wasannin opera ana watsa su kai tsaye a intanet kyauta, idan kuna son gani da idonku. Sai dai bakwai da rabi na yammacin nan ɗaya da rabi na dare ne a Sakkwato a wannan lokaci na sanyi.

Game da lasifika da fitilun da kuka tambaya, shawarata kada in saya a nan. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230, abin da ba a yi shi don ɗaukar duka biyun ba zai ƙone da an jona shi, ga kuɗin dako da na kwastan. Gara a saya a Kano ko Legas, inda mai gyara ya san kayan. Ƙananan makirufo na maƙalawa a riga masu aiki da batir su ne zan iya sakowa a jaka, in Allah ya kawo mai zuwa gida. A sanar da ni guda nawa ake buƙata.

A gaishe da Hajiya da yara, a kuma sa mu a addu'a.

Ɗalibinku, daga Bloomington.