Manhajar PhET ta raba ƙanwata da rabin nutiron

Duk mai ɗalibi a ajin SS1 da lissafin nutiron ke ba shi wahala, ya gwada masa Build an Atom na PhET. Jami'ar Colorado Boulder ta Amurka ce ke da shi, Carl Wieman, wanda ya ci kyautar Nobel a 2001, shi ya assasa aikin a 2002. Kyauta ne a intanet, kuma yana buɗewa a waya.

Ƙa'idar ba ta da wuya: ka cire lambar atom (yawan furoton) daga lambar nauyi (jimillar furoton da nutiron), abin da ya rage shi ne nutiron. Ƙanwata ta haddace wannan tsaf. Amma da aka ba ta kulorin sai ta ɗauki nauyin atom ɗinsa 35.5 ta cire lambar atom ɗinsa 17, ta rubuta 18.5. Na ce mata, "Ke, a ina kika taɓa ganin rabin nutiron?"

A manhajar, kwanuka uku ne a ƙasa: furoton, nutiron da ilektaron, kana ja da yatsa kana jefawa cikin atom. Ta zuba furoton 6, suna ya fito kabon. Ta zuba nutiron 6, lambar nauyi ta hau 12. Da ta ƙara biyu lambar ta koma 14, tsakiyar atom ta kama rawar ɗari alamar ba ta zauna daram ba, amma sunan bai motsa ba. Nan ta gane ma'anar aisotof, wato atom masu furoton daidai amma yawan nutiron daban, ba tare da na ce uffan ba.

Maganar 35.5 kuwa, sai da muka koma ɗan'uwansa, Isotopes and Atomic Mass. A can ta cakuɗa kulorin-35 mai nutiron 18 da kulorin-37 mai 20, uku na farko ga ɗaya na biyu, ta ga allurar matsakaicin nauyi ta tsaya dab da 35.5. Wannan ɓangaren kaɗai ya biya kuɗin data.

Inda ya gaza: Build an Atom furoton 10 ne iyakarsa, wato niyon. Yuraniyom irin wanda ake haƙa a Arlit ta Nijar sai dai a koma takarda, 238 a cire 92 saura 146. A ƙaramar waya kuma ƙwallayen kan kuɓuce wa yatsa, kwamfuta ta fi daɗi. Sannan tambayoyin wasan da ke ciki ba su kai na WAEC zafi ba, don haka kada a ajiye tsofaffin takardun jarrabawa.