Katilbon na kunkuru: kaya mai amfani, amma kada a yarda da rubutun jikin leda

A jikin ledar katilbon ɗin da na saya, wato farin ƙoƙon wata dabbar teku da ake ba kunkuru don ya sami kalsiyam, an rubuta cewa a buɗe kawai a ajiye wa dabba. Wannan rubutun shi ne babban laifin kayan nan, kuma shi ya sa ni yin wannan sharhi.

Guda shida ne a ƙunshin, kowanne tsawonsa santimita 12 zuwa 15, irin wanda ake sayar wa masu aku da kanari, har da ɗan ƙarfen maƙalawa a keji. Biyu sun iso a farfashe, ban damu ba tunda dama wasu dakawa za a yi. Ƙarnin da ya buge ni da buɗe ledar ne ya fara sa ni shakka. Ga baƙin ragowar nama a manne a gefen uku daga ciki, in ka taɓa da harshe kuma gishiri zau. Ba a wanke su ba ke nan. Kafin gari ya waye kiyashi sun yi musu layi.

Ana ce wa katilbon ƙashi amma ba ƙashi ba ne. Ƙoƙon ciki ne na wata dabbar teku mai hannaye goma da ke fesa baƙar tawada, Larabawa na kiransa zabadul bahri, wato kumfar teku. Cikinsa ƙananan ɗakuna ne jere a kan juna, da su dabbar take daidaita nutsewa da tasowa a ruwa, shi ya sa ba shi da nauyi, farce ma yana kankare shi. Mafi yawansa kalsiyam kabonet ne, sinadarin da ke cikin ɓawon ƙwai da katantanwa, kuma kashi 40 cikin ɗari na nauyin wannan sinadari kalsiyam ne zalla. Ta nan babu abin kushewa.

Matsalar tana bayansa. Fuska biyu gare shi: ɗaya fara mai laushi, ɗaya kuma wani siririn ɓawo mai tauri da ɗan rawaya-rawaya, kamar farce. Tsuntsu sassaƙar gefen mai laushi yake yi da baki, ɓawon bai dame shi ba. Kunkuru ba ya sassaƙa. Ba shi da haƙora, da kaifin bakinsa yake gutsura ya haɗiye ba tauna. Ɗan kunkurun da aka ajiye wa guda ɗaya yadda ledar ta ce, wanda tsawon ƙoƙonsa bai wuce santimita 9 ba, ta gefe ya kama, daidai inda ɓawon ya fi fitowa. Ɓawon bai dagargaje ba, tsagewa ya yi kamar fasasshen tangaran, wani ɓantare mai tsini ya gicciye masa a dasashin sama. Alamun a fili suke ga wanda ya tsaya ya duba: yana ta buɗe baki yana rufewa, yana sa ƙafar gaba yana gogar fuska, yawu na taruwa a gefen baki, ga ganye a gabansa ya ƙi kallo. Fitar da shi sai da haƙuri, domin da zarar ka taɓa kai ya shige ciki, kuma ɓanɓare bakin ƙaramin kunkuru da ƙarfi na iya karya masa muƙamuƙi. Riƙe shi ake yi a tafin hannu, kai ya ɗan kalli ƙasa, a jira ya buɗe da kansa, sannan a zaro da hantsaki mai dakusasshen baki. Wannan ya fito ba jini, kwana biyu bayan haka ya koma cin abinci. Da ya haɗiye, ko da jini ya fito, maganar likitan dabbobi ce, ba ta gida ba. Layi ɗaya na gargaɗi a jikin leda da ya hana duk wannan. Babban kunkuru yana murƙushe ɓawon ba wahala, masu kiwo da yawa ma ba sa cire masa, amma ga ƙanana ban ga dalilin yin kasada ba.

Gyaransa ba wuya, lokaci kawai yake ci. A cire ƙarfen nan a yar. A jiƙa a ruwa kwana biyu, ana sauya ruwan safe da yamma, a ɗora masa dutse don tasowa yake yi. A goge ragowar naman da tsohon burushin haƙori, a tafasa minti 10. Tun yana da danshi ake sa bakin wuƙa tsakanin ɓawon da farin a ɗaga a hankali. In ya bushe ƙaƙas ɓawon ba ya fita sai a gutsuttsure, kuma rabin farin zai bi shi. Sai shanya a rana kwana biyu. Da damina a ƙara kwana, domin cikinsa yana riƙe ruwa, waje ya bushe ciki da sauran laima, kwana kaɗan sai fumfuna.

Bayan wannan gyara sai ra'ayina ya fara sauyawa. Babbar macen kunkurun da aka jefa wa guda ɗaya a inuwa ta yi mako uku tana tsallake shi kamar dutse, rana ɗaya ta tsaya ta cinye fiye da rabi, har ana jin ƙaras-ƙaras daga nesa. Haka suke yi, musamman mace mai shirin ƙwai, tunda ɓawon ƙwan daga kalsiyam ɗin jikinta yake fitowa. A daji ma kunkuru yakan gwaguyi tsohon ƙashi da katantanwa in jikinsa ya nema. Don haka in naka ya share shi kada ka ɗauke, bar masa. Gwaguyar kuma tana rage tsawon baki, wanda yakan zarce ga kunkurun da ya saba da abinci mai laushi. Ƙanana kuwa gari ya fi musu: a kankara da wuƙa a kan jiƙaƙƙen ganye, gwargwadon abin da yatsu biyu suka ɗauka, sau biyu ko uku a mako. In ganyen ya yi fari fat an zarce, kuma za su ƙi ci.

Abin da mai sayarwa ba zai gaya maka ba shi ne, ko buhu ka saya, ba rana ba amfani. Sai fatar kunkuru ta sami hasken UVB, wani sashe na hasken rana da ido ba ya gani, take haɗa bitamin D3, sai da D3 hanji ke tsotsar kalsiyam. Gilashin taga yana tare wannan hasken, saboda haka kunkurun da ke zaune a falo yana iya samun taushin ƙoƙo da raunin ƙafafu alhali katilbon na gabansa. Babban kunkurun da ake ajiyewa a gidajenmu ɗan yankin Sahel ne, tun daga Senegal, ta Mali da Nijar da Chadi har Sudan, rana kyauta muke da ita, inuwar fakewa kawai za a tanadar masa. Abinci ma haka: ciyawa ce asalin cimarsa, ana son kalsiyam ya ninka fosforas aƙalla sau biyu. Mai ɗura masa wake da tuwo, ko alayyafo da yakuwa kullum, waɗanda ke da sinadarin da ke ɗaure kalsiyam, ɓarnar kuɗi kawai yake yi.

To kwalliya ta biya kuɗin sabulu? Ga babba, e. Ga ƙanana, da na sake tuna ɓantaren nan a bakin hantsaki sai raina ya ƙara ɓaci, domin ɓawon ƙwai da aka tafasa aka busar aka daka ya yi laushi yana ba da kalsiyam iri ɗaya, ba kuɗin aike, ba jiran mota daga Legas. Kuɗin da aka karɓa ya isa a ce an wanke kayan kafin a ƙulle. Sauran guda biyun da suka fi ƙarni yau kwanansu huɗu a bokiti, ruwan bai daina wari ba.