Psiphon: tana buɗe ƙofar da gwamnati ta rufe, amma ba layar zana ba ce

A Iran akwai sunan da ake kiran irin wannan manhaja, wato filtar-shekan, mai fasa shinge. Tun 2009 aka toshe Facebook da Twitter a ƙasar, a 2018 aka haɗa da Telegram, sannan a Satumbar 2022, da zanga-zanga ta ɓarke bayan mutuwar Mahsa Amini a hannun 'yan sandan tabbatar da ɗa'a, aka rufe Instagram da WhatsApp. Cikin manhajojin da jama'a suka dogara da su duk tsawon wannan lokaci, Psiphon na sahun gaba. An ƙirƙiro ta a 2006 a cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto, yanzu kuma kamfani ne mai zaman kansa a Kanada yake tafiyar da ita.

Abin da ya raba ta da sauran VPN, wato manhajojin da ke bi da bayananka ta wata ƙasa don kewaye shinge, shi ne taurin kai. VPN na gama-gari hanya ɗaya yake bi, da zarar hukuma ta gane kamannin hanyar sai ta datse. Ita kuwa Psiphon takan gwada hanyoyi da dama a lokaci guda, tana sauya wa bayananka kama don kada na'urar tacewa ta gane su, duk wadda ta ɓulle sai ta riƙe. Shi ya sa wani lokaci za ka ga tana ta juyi kusan minti guda kafin ta kama. Kada ka kashe ta, lalube take yi.

Sauke ta babu wuya, kuma ba ta neman rajista ko lambar waya. A Android akwai Psiphon Pro a Play Store, akwai ta iPhone, a Windows kuwa fayil ɗaya ne da ba sai an girka ba. Idan an toshe shafin kamfanin, sai a aika saƙon imel ko da babu rubutu zuwa get@psiphon3.com, amsa za ta dawo da hanyar saukewa. A nan ne ake yawan yin ganganci. Mutum ya karɓi fayil daga wani zauren Telegram ko daga wayar aboki, bai san inda ya samo asali ba. A 2014 Citizen Lab ta gano jabun Psiphon da aka cusa wa manhajar leƙen asiri, aka kuma danganta ta da hare-haren da ake kai wa 'yan adawar Siriya. Tana buɗewa kamar ta gaske, alhali a bayan fage wani yana kwasar abin da ke cikin kwamfutar.

Bayan an buɗe, wayar za ta nemi izinin haɗa VPN, sai a amince. A bar zaɓin ƙasa a kan wanda ya fi sauri, domin tilasta mata wata ƙasa yana rage hanyoyin da za ta gwada. A saituna akwai wurin ware manhajojin da ba za su bi ta cikinta ba. A cire manhajar banki, don banki na iya ganin an shigo daga Jamus ya ɗauka ɓarawo ne. Inda netwok yake jan ƙafa, akwai maɓallin da ke hana ta yanke ƙauna da wuri, a kunna shi. A Windows kuma akwai wata matsala da ke ruɗa mutane: idan kwamfuta ta mutu ba a rufe Psiphon ba, saitin furoksi, wato wanda ke karkatar da burauza ta cikin Psiphon, yakan maƙale, burauza ta ƙi buɗe komai. Maganinsa a sake kunna manhajar, a rufe ta yadda ya kamata.

Ta kyauta tana da talla, kuma an taƙaita gudunta a wajen megabit 2 a daƙiƙa. Ya isa karanta labarai da aika saƙon murya, amma ɗora bidiyo mai nauyi sai da haƙuri. Tana cin batir, tana kuma ƙara cin data.

Yanzu ga inda ƙarfinta ya ƙare. Psiphon tana kewaya shinge ne, ba ta haƙa sabuwar hanya. A daren 27 ga Janairun 2011 gwamnatin Hosni Mubarak ta sa kamfanonin sadarwar Masar suka katse intanet, ba a dawo da shi ba sai 2 ga Fabrairu. A Nuwamban 2019, bayan ƙarin kuɗin fetur, Iran ta yanke alaƙa da waje kusan mako guda, ta bar shafukan cikin gida kawai suna aiki. A Sudan, toshe shafukan sada zumunta da aka yi daga Disamban 2018 VPN ya iya da shi, amma da sojoji suka tarwatsa zaman dirshan na Khartoum ranar 3 ga Yunin 2019 suka kashe intanet na waya har zuwa 9 ga Yuli, babu manhajar da ta yi rana. Mutanenmu sun ga bambancin nan a 2021: dakatar da Twitter a Najeriya VPN ya ƙetare shi, amma rufe layukan waya a Zamfara babu yadda aka iya. A irin wannan hali sai dai Briar, wadda ke aika saƙo daga waya zuwa waya ta Bluetooth, ita ma sai kuna kusa da juna.

Babban kuskuren kuwa shi ne ɗaukar ta a matsayin mai ɓoye mutum. Kamfanin da kansa bai yi wannan alkawari ba, yana ma tattara ƙididdiga kan ƙasashe da kamfanonin sadarwar masu amfani da ita. Wanda ke neman ɓoye sawunsa, Tor, wani tsari da aka gina musamman don wannan aiki, ya fi dacewa da shi. Psiphon kuma ba ta yanke intanet da kanta idan haɗin ya tsinke, sai kawai wayar ta koma hanyar da aka saba ba tare da ka lura ba. Dubi waɗanda aka kama, ta ina aka same su? Salma al-Shehab, ɗalibar Saudiyya da ke karatu a Leeds, an yanke mata shekara 34 a 2022 kan abin da ta wallafa a Twitter da sunanta. A shekarar ne wata kotun Amurka ta samu tsohon ma'aikacin Twitter, Ahmad Abouammo, da laifin yi wa Saudiyya aiki a ɓoye. Omar Abdulaziz, abokin marigayi ɗan jaridar Saudiyya Jamal Khashoggi, manhajar leƙen asiri ta Pegasus aka dasa masa a waya, wadda ke karanta saƙo tun kafin ya fita. A Alƙahira, cikin Satumbar 2019, 'yan sanda tsayar da mutane suke a titi su ce a buɗe waya. Babu ko ɗaya a cikin waɗannan da Psiphon za ta tare, a na ƙarshen ma ganin tambarinta a fuskar waya ƙarin tambaya zai jawo.

Akwai kuma batun kuɗi. Wani ɓangare na tallafinta daga asusun Open Technology Fund na gwamnatin Amurka ya fito, abin da gwamnatocin da ke toshe ta ke kafa hujja da shi. Lambobin kwamfutar (code) da aka gina Psiphon da su a buɗe suke ga duk mai son ya bincika, wannan ya rage zargi ko da bai kawar da shi ba. 'Yan kasuwarmu masu zuwa Dubai su ma su kula: dokar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta tanadi tarar dirhami 500,000 zuwa miliyan 2 ga wanda ya ɓoye adireshinsa na intanet don aikata abin da ƙasar ta ɗauka laifi, kuma sukar gwamnati a can yana cikin laifukan.